Yadda zaka ja ɗan sakandare ya shiga laburare ba sai da bulala ba

Abu na farko da zan roƙi 'yan uwana malamai da iyaye, dan Allah a daina cewa yaran yanzu basa karatu. Suna yi wallahi. Karɓi wayar 'yar SS2 ka leƙa guruf ɗinta na WhatsApp, zaka tarar da nobel ɗin Hausa mai tsawon gaske ta cinye shi cikin kwana uku har tana bin marubuciyar da magiya a saki ci gaba, shi kuma yaron da kake kira daƙiƙi a aji ya san 'yan wasan Barcelona kaf har na benci da kuɗin da aka sayi kowa, toh a ina ya samu in ba karantawa yayi ba? Abin da suka guda shine karatun da muke tura musu da fuska a murtuke, da kuma ɗakin nan da muke kira laburare wanda kullum da kwaɗo a ƙofarsa. Na daɗe ina koyarwa a sakandare, abin da zan faɗa anan abubuwa ne da malami ɗaya zai iya farawa da kansa ba sai ya jira ma'aikata ta turo kwangila ba.

Ka fara da tambayarsu. Yanki takarda ƙanana ka raba, kace kada kowa ya rubuta suna, tambaya uku kacal: mene ne abu na ƙarshe da ka karanta don ra'ayin kanka ko a waya ne, wane abu kake so ka sani wanda ba'a koyarwa a aji, kuma ka taɓa shiga laburare. Rashin sunan nan shine sirrin, don in da suna kowa littafin addini ko na jarabawa zai rubuta maka don ya burge malam. In babu suna zaka ga gaskiya, soyayya, aljanu, ƙwallo, gyaran waya, girki, yadda ake zama soja, yadda jirgin sama yake tashi. Wannan takardun su ne jerin sayayyarka, ajiye su da kyau.

Sai ɗakin kansa. Makarantu da yawa suna da laburare a suna, amma in ka buɗe sai ka tarar ya zama sito, karyayyun benci, buhun alli, tsofaffin takardun jarabawa, wani wajen har babur ɗin wani malami. Na taɓa aiki a wata makaranta da mai riƙe da makullin yake ganin aikinsa shine kada littafi ya ɓata, saboda haka hanya mafi sauƙi sai ya hana kowa taɓawa, littattafai sabbi fil a leda gara ta gama dasu daga ƙasa. Kaje wajen firinsifal ka nemi abu biyu kawai, makulli da kuma izinin a buɗe ɗakin lokacin tara da bayan an tashi ko na rabin awa ne. Kada ka nemi kuɗi a zuwan farko, da ka ambaci kuɗi magana ta mutu. Sharar kuma kada ka sa ta zama horo ga masu laifi, nemi 'yan sa kai, yaron da ya share ɗaki ya jera littafi da hannunsa gani yake nasa ne, shi zai hana wani yagawa.

In babu ɗakin gaba ɗaya, akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana ya isa. Littafi talatin ko arba'in a ciki, kwaɗo ɗaya, rijista ɗaya, yana zagaya aji aji. A ɗora shi kan bulo ko benci kada ya taɓa ƙasa saboda gara da damina.

Yanzu me za'a zuba a ciki, nan ne ake yawan yin kuskure. Mutane in ance a kawo gudummawar littafi sai kowa ya kwaso abin da ya ishe shi a gida, tsohon littafin lissafin jami'a, rahoton wani taro, kundin da ko mai shi bai karanta ba. Ka karɓa kayi godiya amma kada ka cika kanta dasu, yaro in ya shigo ya ga bango guda na irin wannan ba zai dawo ba. Gara littafi hamsin da ake rububi da dubu da ba mai taɓawa.

Ni dai da Hausa nake farawa, kuma bana jin kunyar hakan ko da malamin Ingilishi zai harare ni. Yaron da bai taɓa jin daɗin gama littafi da harshen da yake mafarki dashi ba, da wuya ya ji daɗin na wani harshe. Muna da gado mai kyau anan. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta hukumar talifi a Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan ga Jiki Magayi, kuma duk gajeru ne, yaro zai iya gamawa a mako ɗaya. Bayan su ga Magana Jari Ce littafi uku. Abin dariya har yau in ka karanta wa 'yan JSS rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja sai aji ya kece da dariya kamar jiya aka rubuta. Ka gaya musu ma cewa wanda ya rubuta Shaihu Umar shine ya zama firaministan Najeriya, da yawa basu sani ba, sunan titi da hoton naira biyar kawai suka sani.

Sai maganar littattafan zamani, wanda ake kira adabin kasuwar Kano, da suka bunƙasa tun shekarun 1980, irin rubutun su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa. Nasan akwai malaman da da sun ji an ce littafin soyayya sai su ɗaure fuska. Toh amma mu faɗi gaskiya, iyayen yaran nan mata da yawa a shagon hayar littafi na unguwa suka ƙware da karatun boko, ana ɓoye littafi cikin hijabi ana karɓa-karɓa. Hanyar da nake bi mai sauƙi ce, duk littafin da zai shiga akwati sai ni ko wata malama mun karanta shi tukunna, mai kyau ya shiga, wanda akwai batsa ko abin da ba zan iya karewa gaban uban yarinya ba ya tsaya a waje. Aiki ne, amma in ka hana gaba ɗaya ka sani suna can suna karanta wanda yafi muni a waya ba mai tacewa. Kuma ka samu malamin addini na makarantar ka jawo shi cikin kwamitin tun farko, ya kawo tarihin Annabawa da sahabbai da na su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u, in yana ciki ba zai zama shine mai sukar abin daga waje ba.

Na Turanci kuma a fara da masu sauƙi, gajeru masu manyan rubutu, ko da kana ganin sun yi wa ɗan SS1 ƙanƙanta. Gwaji ɗaya nake koya musu: buɗe tsakiyar littafi ka karanta shafi ɗaya, duk kalmar da baka gane ba ka lanƙwasa yatsa, in yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare toh ajiye shi sai gaba, ɗauki wani. Ba abin kunya bane. Sannan tsofaffin jaridu da mujallu, musamman shafin wasanni, su ne tarkon samari.

Dabarar da tafi yi min aiki kuwa, daga aku na sato ta. A littafin farko na Magana Jari Ce ai aku da labari yake riƙe Musa ɗan sarki kada ya fita, in wannan ya ƙare ya ɗauko wani har gari ya waye. Haka zaka yi. Minti goma na ƙarshen darasi ka ɗauko littafi ka karanta musu da murya, ka canza murya in sarki ne in wawa ne in tsohuwa ce, kada ka ji nauyi, sai ka kai daidai inda kowa ya yi tsit ya baza kunne sai ka rufe littafin kace lokaci yayi. Zasu yi ihu, Malam dan Allah ƙarasa. Kace yana laburare kanta ta biyu, kwafi uku ne kacal. Ranar zaka ga layi. Kada ka ɗauka sun girma da a karanta musu, manya ma suna kasa kunne in ana karanta littafi a gidan rediyo.

Abu na gaba shine lokaci. Yaro ya tashi da asuba, boko, ya dawo islamiyya, yarinya ga wanke-wanke ga girki ga raino, namiji ga shago ko wajen koyon sana'a, da daddare ba wuta. In kace suje gida su karanta ka yaudari kanka. Dole lokacin ya fito daga cikin jadawalin makaranta. Ku roƙi minti goma sha biyar ko ashirin, ko sau biyu a mako ne, a buga ƙararrawa kowa ya ajiye abin da yake ya ɗauki littafin da ya zaɓa da kansa ayi shiru. Sharaɗi biyu ne, kuma in aka karya su abin ya lalace. Na ɗaya malami ma karatu zai yi, ba makin ɗin takardu ba, ba latsa waya ba, ba hira a baranda ba, don yara abin da kake yi suke kallo. Na biyu babu jarabawa a kai. Da ka ce kowa ya rubuto taƙaitawa shafi biyu za'a bada maki, shikenan ka maida shi aikin gida, zasu kwafa daga bayan littafi su kawo maka. In kana so ka san ana karantawa, ɗauki kwali ka manna a bango, duk wanda ya gama littafi ya rubuta sunan littafin da jimla ɗaya, ko yace yayi daɗi ko yace ɓata lokaci ne kada kowa ya ɗauka. Ka bar su su kushe littafi, ai wanda ya kushe ya karanta. Kuma maganar aboki tafi ta malami tasiri a wannan shekarun nesa ba kusa ba.

Toh shiga laburare kuma sai an koya, kada a ɗauka kowa ya iya. Akwai ɗalibin da zai gama sakandare ya shiga jami'a, ace masa yaje laburaren Kashim Ibrahim a ABU Zariya ya nemo littafi, ya tsaya bakin ƙofa kamar baƙauye a tasha. Yawancin laburaren makarantu da na gwamnatin jiha da tsarin Dewey suke jera littafi, wani Ba'amurke Melvil Dewey ya fito dashi a 1876, ya raba ilimi gida goma daga 000 zuwa 999. Ba sai sun haddace duka ba. Su san 200 addini ne kuma Musulunci yana 297, 400 harsuna, 500 kimiyya da lissafi, 600 fasaha inda likitanci yake 610 noma 630, wasanni suna 796, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa, tarihin Najeriya yana 966.9. Lambar tana manne a gadon bayan littafi. Jami'o'i da yawa kuma wani tsarin suke bi mai farawa da haruffa, amma wanda ya gane wannan ba zai sha wuya a can ba.

Kada ka koyar da wannan a allo, barci zasu yi. Maida shi farauta. Raba su rukuni rukuni mutum huɗu, kowane rukuni ka basu kati mai tambaya biyar: ku nemo littafin da yake maganar zazzaɓin cizon sauro ku rubuto lambarsa, a wace shekara aka buga wannan littafin kuma wane kamfani, ku buɗe fihirisar ƙarshen littafin tarihi ku gaya min shafin da aka ambaci Sakkwato, ku nemo kogin Binuwai a littafin taswira, ku nemo ma'anar kalma kaza a ƙamus. Rukunin da ya fara gamawa biro ko biskit ya ishe su. Cikin firiyod ɗaya sun koyi abin da ke ciki, fihirisa, shekarar bugu, ƙamus da taswira, kuma sun taɓa littafi da hannunsu wanda shine babban abin. Katunan nan ka ajiye su a ambulan, duk shekara zasu yi maka aiki da sabbin 'yan JSS1.

Maganar aro. A bada aro zuwa gida, wannan bana sassautawa a kai. Eh wasu zasu ɓata, wasu zasu dawo da tabon miya. Littafin da ya tsufa a hannun yara ai ya biya kuɗinsa. Rijista mai layi biyar ta isa: suna, aji, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Mako biyu. Ka naɗa 'yan laburare daga cikin ɗaliban, mace da namiji a kowane aji, kuma kada ka zaɓi masu ɗaukar na ɗaya kawai, wani lokacin yaron nan mai surutu na bayan aji in ka bashi rijista da biro ja sai ya zama yafi kowa tsanani. Tarar kuɗi kuma ni bana so, yaron da bashi da kuɗin tara in ya makara da littafi tsoro zai sa ya ɓoye shi har abada. Wanda ya makara ya zo ya yi aikin rabin awa, ya liƙe littattafan da suka yage da gam da salatif, ya sa musu bango da takardar kalanda. Sannan lokaci lokaci a sanar da makon yafiya, duk mai littafin makaranta a gida ya kawo ba tambaya ba faɗa, zaka sha mamakin abin da zai dawo.

Sau ɗaya a zango ko a shekara ka fitar dasu waje. In a Kano kuke ga laburaren Murtala Muhammad, sauran jihohi ma akwai hukumar laburare ta jiha a babban birni, ga kuma rassan babban laburaren ƙasa a jihohi da dama. Ka fara zuwa kai kaɗai ka gaisa da ma'aikatan, ka tambayi abin da ake buƙata don yin rijista da lokacin buɗewa, ka sa rana, ka karɓi izinin iyaye a rubuce musamman na 'yan mata kuma a tafi da malama. Yawancin yaran suna wuce ginin a adaidaita basu san an yarda su shiga ba, gani suke na 'yan jami'a ne da masu shirin jarabawa. Da zarar yaro ya riƙe kati mai sunansa ka gama rabin aikin. Masu shirin WAEC da NECO da JAMB kuma ka tuna musu ba'a fafe gora ranar tafiya, JAMB tana sa littafin labari a jarabawar Turanci, wanda bai saba zama da littafi ba a nan yake gane kurensa.

Waya fa? Kada ka yi faɗa da ita, ba zaka ci ba. Akwai shafin African Storybook da StoryWeaver, kyauta ne kuma akwai labarai da Hausa, ana iya saukewa a buga a takarda. Gaskiya yawanci na ƙananan yara ne, amma ga yadda zaka juya abin: ka ba 'yan SS aikin su karanta wa ƙannensu a gida ko 'yan firamaren kusa daku. Yaron da karatunsa yake da rauni, wanda ba zai taɓa yarda a ganshi da littafin yara ba, in kace don ƙaninsa ne sai ya karanta hankali kwance ba kunya, shi ma yana ƙaruwa. Akwai kuma Wikipedia ta Hausa, ka sa su nemo garinsu ko wani sarki su gwada da abin da ke littafin tarihi na laburare, in sun sami saɓani sai a zauna a tattauna wa za'a yarda dashi kuma don me. Wannan darasin yafi ƙarfin jarabawa, don jita-jitar da ake turawa a guruf kullum sai mai irin wannan idon yake tace ta. Abu ɗaya dai, kada kai malam ka zama mai raba littattafan mutane da aka sata aka maida fayil ana yawo dasu, marubutan nan da kuɗinsu suke bugawa.

Iyaye kuma a taron iyaye da malamai ake kama su. Kada kayi dogon turanci. Ka ce Alhaji, Hajiya, abu biyu muke roƙo, in kun ga littafi mai hatimin makaranta a hannun yarinya ku sani mun duba shi, kuma a bar mata ko rabin awa bayan la'asar ko bayan isha. Uwar da bata yi boko ba ma tana da rawar takawa, 'yarta ta karanta mata tana tsinken zogale ko tana ƙullin kayan sana'a, da yawa daga baya uwar ce take tambaya ina ci gaban labarin nan. Tsofaffin ɗalibai kuma ka nemi kowa littafi ɗaya daga cikin jerin da ka rubuta, jerin nan da ya fito daga takardun yaran, kada kace kawai a kawo littafi.

In abin ya fara kama ƙasa sai ka ƙara masa armashi. Ranar 23 ga Afrilu ce ranar littafi ta duniya, 8 ga Satumba kuma ranar yaƙi da jahilci, in ɗaya ta faɗo cikin hutu ku matsar da ita, ba wanda zai kama ku. Ku gayyato marubuci, ƙungiyar marubuta ta ANA tana da rassa a jihohi kuma marubutan Hausa da yawa in ka gayyace su makaranta da murna suke zuwa. Yara su ga mai littafi mutum ne kamar su, su tambaye shi nawa ya kashe, ina ya samo labarin. 'Yan mata masu son rubutu ka basu labarin gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta, ko basu kai shiga ba yanzu su san akwai inda hanyar take zuwa. Ku ma kuyi taku gasar ta cikin gida, gajeren labari shafi biyu, waɗanda suka fi kyau a buga a ɗinke su da bango a sa musu lamba a jera a kanta ta 800 tare da na su Abubakar Imam. Wanda sunansa ke kan kanta sai ya jawo abokansa su zo su gani.

Kafin a tafi dogon hutu ku ƙirga littattafan da rijista a hannu, wanda ya yage a gyara, a ɗaga komai daga ƙasa, a duba rufi ko yana yoyo tunda hutun a damina yake faɗowa. Ni nakan bar 'yan SS su tafi da littafi bibbiyu hutun, in rubuta lambar wayar gida a gefen suna. Sannan rijistar nan ka ɗauke ta ka kai wa firinsifal ya gani da idonsa sau nawa aka ɗauki littafi a zangon, yanzu ne lokacin da zaka yi maganar kuɗin sabuwar kanta da fanka.